Takarda a Aljihuna, Janar Yana Barci

Tun da aka kafa dogon ƙarfen salula a kan tudun da ke bayan garinmu, shirun tsakar rana ya ƙaura ya bar mu. Da can, daga an ci abincin rana har a kira la'asar, wannan ƙauye namu na gefen Garhanga sai ka ce an kwashe mutanensa. Ba ka jin komi sai kukan kurciya da atishawar jaki a gindin rumbu. Yanzu kuwa duk inda ka kishingiɗa, wani abu na ƙara a aljihun wani. Jikata tana tankaɗe tana magana da ubanta da ke ci-rani a bakin teku, har ta ce masa ya dakata ta kori akuya. Ɗan maƙwabcina ya sayar da rago a kasuwar Madawa bai bar inuwar gidansu ba. Ina kallonsu ba na tanka musu, don in na buɗe baki za su ce tsoho ya fara. Amma ni na yi zamanin da magana take tafiya a hankali, ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu, kuma kowane hannu yana iya riƙe ta. Ni ma na taɓa riƙe wata har awa uku, mutane suka mutu. Cikinsu akwai abokina Illa. Uwarsa ta daɗe a duniya bayansa, gidanta ƙofa huɗu daga nawa, kuma duk tsawon shekarun nan ina neman bakin da zan gaya mata abin da na yi.

Sai na fara da yadda aka rene mu, don in ban fara da nan ba za a ɗauke ni sakarai kawai. A gidan kakana, barcin babba abu ne da ake tsaronsa kamar yadda ake tsaron gona daga tsuntsu. In tsoho ya dawo daga gona ya sha fura ya miƙe a ƙarƙashin aduwa, mata sukan ɗauki turmi su kai shi can bayan rumbuna, su riƙa daka a hankali. Mu yara a kore mu bakin fadama. Jaririn da ya fara kuka, uwarsa ta fita da shi da gudu. Wata rana ina ƙarami wani mutum ya zo daga wajen Keita, ƙafarsa duk ƙura, ya tarar kakana yana barci. Aka ba shi tabarma da ruwa, ya zauna a ƙofar zaure. Ya zauna har inuwa ta juya. Da tsoho ya tashi ya wanke fuska, mutumin ya gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya tambayi dabbobi, sannan ya sunkuyar da kai ya ce ƙanen kakana ya rasu tun safe, an ma riga an rufe shi. Kakana bai yi fushi ba. Da baƙon ya tafi sai tsoho ya tara mu ya ce mu dubi wannan mutum da kyau, haka ɗan mutunci yake kawo magana. Na girma da wannan a raina, ban taɓa tsammanin akwai aibu a cikinsa ba.

Ni da Illa shekara ɗaya aka haife mu, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Ni aka kai ni lakwal, wato makarantar boko, na yi shekara shida, shi kuwa ya gudu tun a shekarar farko ya bi motocin albasa, ya koyi tuƙi kafin gemu ya fito masa. Siriri ne kamar karan dawa, ga baki, ga dariya. Yana kirana ɗan lakwal, ni ina kiransa baƙin mai. Shekarar da damina ta yi mana gardama sau biyu a jere, rumbuna suka zama wurin kwanan kaji, aka zo neman samari aikin soja, muka rubuta suna tare. Ranar tafiya uwarsa, Inna Ai, ta rako mu har bakin hanya. Ba ta yi kuka ba. Ta kama hannun rigata, ba ta kama ta ɗanta ba, ta ce, "Kai ad da karatu. Duk abin da yas same shi, daga bakinka nika son in ji, ba daga bakin gwamnati ba. Kak ka rage min komi." Na ce mata to. Illa yana can yana tsokanar direban motar da za ta ɗauke mu, bai ma ji ba.

Ba mu daɗe da gama horo ba yaƙi ya tashi a arewa. Yaƙin gida ne, kuma babu wanda ya kai shi muni. Waɗanda aka ce mu yaƙa, ƴaƴan mutanen da raƙumansu ke sauka a gonakinmu ne bayan girbi. Kakanninmu sun zauna a ƙarƙashin kakanninsu, sun auna musu hatsi, an yi zaman daɗi an yi na ɗaci, har muna jin gaisuwar harshensu. Aka kai mu wani gari can gaba da Tawa, inda dutse yake ƙarewa rairayi ya fara. Illa aka ba shi babbar mota. Ni kuwa saboda hannuna yana da kyau a rubutu aka sa ni ɗakin radiyo. Ɗaki ne na kwano, tagarsa ɗaya, injin wuta yana gurnani a bayansa, warin mai da na batir ba sa fita daga hancinka. Kana zaune da abin ji a kunne, iska tana shuuu kamar ana zuba gero a ƙwarya, sai can ka ji kit-kit-kit na tasowa daga babban birni. Ka ɗauki biro ka rubuta haruffa biyar-biyar da ba su da ma'ana ko kaɗan, ka maimaita wa na can ya tabbatar, ka rubuta lokacin a babban kaye, littafin da muke shigar da kowane saƙo. Har yau in tsuntsu ya ƙwanƙwasa icce, yatsuna sukan motsa su kaɗai.

Janar guda ne ke riƙe da mu, dogo, mai furfura a gefen kai, ba ya ɗaga murya. Ban daɗe ba na gane tsakaninsa da manyan gwamnati babu yarda ko ta ƙwayar gero. Su can a fadar shugaban ƙasa suna tsoron wata rana ya juyo da motocinsa kudu ya kwance musu kujera. Shi kuma yana ganin farar hula suna aika shi rana, su kuma suna shan shayi da wakilan ƴan tawaye a ɓoye. Mu na ɗakin radiyo mu ne igiyar da suke ja daga gefe biyu. In minista ya nemi magana da shi baki da baki, wani lokaci sai ya tsaya a bayana ya yi mini alama da hannu, ni kuma in ɗauki busasshen ganyen goro in riƙa murzawa a bakin abin magana, ina cewa iska ta ɓaci, ba mu ji. Su ma can na san suna yi mana irin wannan, don na sha jin murzar takarda da ba ta yi kama da iska ba. Magana mai nauyi kuwa ba a faɗinta da baki, tunda abokan gaba suna saurare. A rufe take zuwa, cikin haruffan nan biyar-biyar. Littafin da ake buɗe ta da shi yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon janar, mabuɗin a wuyansa, don bai yarda wani ya san abin da fada ta ce kafin shi ba. Kuma kowane saƙo daga fada da alamar gaggawa mafi girma yake zuwa. Mu sai mu ja masa jan layi a kai. Ban taɓa karɓar saƙon fada ko ɗaya da ba na gaggawa ba.

A satina na uku wani ya zo da tsakar rana. Na ja masa jan layi, na ruga. An koya mana a horo cewa irin wannan ba ya jira, ko mutum yana wanka ne. Janar yana barcin rana, wanda ba ya fashi daga ƙarfe ɗaya zuwa la'asar. Sarjan da ke tsaron ƙofarsa ya zagaya bayi, sai na ƙwanƙwasa da kaina. Janar ya tashi, ya buɗe akwati, aka kira lutanan, hafsan da ke buɗe saƙo. Ashe fada tana tambaya ne kujeru nawa muke da su, don wani minista zai kawo ziyara da baƙi. Janar ya dube ni tun daga kai har ƙafa. Bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya tambaye ni daga ina nake, na ce ƙasar Keita. Ya ce, "Na san mutanen Adar da ladabi. A gidanku haka ake tada ubanka saboda kujera?" Aka aske mini kai, aka sa ni birgima a rana, na yi kwana takwas a kaso, kurkukun bariki. Birgimar ban riƙe ta ba. Maganar gidanmu ce ta shige ni, don na san gaskiya ya faɗa, a gidanmu ba a yin haka. Na fito na rantse a raina ba za a ƙara kiran sunan ubana a kan rashin kunyata ba.

Ranar da nake son ba da labarinta, ayarin motoci ya tashi tun da sassafe zai kai abinci da harsashi wani sansani a arewa. Illa ne a mota ta biyu. Tsarin tafiyar kowa ya san shi. Ƙarfe biyu za su tsaya a wata rijiya, su ɗaga ƙarfen radiyo su kira ni. In babu wani sabon umurni, sai su shiga wani dogon kwazazzabo tsakanin duwatsu, inda radiyo ba ya kamawa sai sun fita ta can gefen. Ƙarfe ɗaya da minti goma, ina cin shinkafa da hannu ɗaya, sai babban birni ya kira. Saƙon fada ne, zuwa hannun janar shi kaɗai, gajere, bai kai layi huɗu ba. Na maimaita, na rubuta lokaci, na ja jan layi. Abu ɗaya na lura da shi. Mai bugowa daga can, wanda na san hannunsa kamar yadda kake sanin takun ɗan gidanku, ya ƙara buga alamar gaggawa sau biyu bayan ya gama, abin da bai saba yi ba.

Na ninke takardar na tafi ƙofar janar. Sarjan yana zaune a kan benci yana yankan farce, wani dattijo mutumin Buza, mai kirki ne ƙwarai. Na nuna masa jan layin. Ya ce, "Shina kwana." Na ce na sani, amma wannan kamar da wani abu a cikinsa. Ya ce, "Mi ac ciki?" Na ce ban sani ba, a rufe yake. Ya yi murmushi ya shafa kaina inda gashi bai gama fitowa ba, ya ce, "Ɗiyana, wancan ma da kac ce da wani abu, kujeru na. Zamna nan. In kana son ka buga, ga ƙohwa, ni ba ni hana ka. Amma ba da hannuna ba." Ƙofar katako ce mai shuɗin fenti, tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Ina jin fanka tana juyawa a ciki. Na tsaya, na ɗaga hannu har sau ɗaya, sai na ji muryar nan tana tambayata ko a gidanmu haka ake yi. Na sauke hannun. Na zauna a kan bencin kusa da sarjan kamar yadda mutumin Keita ya zauna a ƙofar kakana, har ina jin a raina na yi abin kirki.

Da ƙarfe biyu ta gabato na sa takardar a aljihun ƙirjina na koma ɗakin radiyo. Suka kira a kan lokaci. Mai radiyon ayarin ya ce sun iso rijiya lafiya, sun sha ruwa, akwai wani umurni? Hannuna yana kan aljihun. Da na ce masa saƙo ya zo daga fada ba a buɗe ba tukuna, su ɗan dakata, wataƙila kaptan ɗinsu ya jira, wataƙila kuma ya ce wane ne ni da zan tsayar da ayari. Ban gwada ba. Ka'ida ta ce abin da aka aiko wa janar ba a ambatonsa ga kowa, ni kuma na ɓuya a bayan ka'ida. Na ce babu komi, su ci gaba. Kafin a kashe sai na ji ana kokawa da abin magana, ana dariya, muryar Illa ta shigo. Ya ce, "Ɗan lakwal, kana nan cikin inuwa kana danna ƙarhe? In ka rubuta ma Inna, ka ce mata na yi ƙiba. Ka ce ta aje min wake cikin na bana, kak Tsahara ta cinye shi duka." Tsahara ƙanwarsa ce, lokacin yarinya ce mai ci. Na ce masa ya sauka daga kan layin gwamnati, baƙin mai. Ya yi dariya, aka kashe.

Janar ya tashi da kiran la'asar. Ya yi alwala, ya yi salla, aka kawo masa shayi, sannan sarjan ya ce ga saƙo. Aka kira lutanan, aka buɗe akwati. Ina tsaye a ƙame ina kallon fensirin lutanan yana tafiya a kan takarda, sai na ga ya tsaya, ya sake tafiya. Fada ta ce wani dattijo da ke shiga tsakani ya kawo labari tabbatacce, an yi wa kwazazzabon kwanto, a tsayar da ayari a rijiya, kada mota ko ɗaya ta shiga. Janar ya ajiye kofin shayi a hankali. Ya tambaye ni ƙarfe nawa saƙon ya zo, na faɗa masa. Bai ce me ya sa ban tashe shi ba. Ya san dalili, ni ma na sani, sarjan ma ya sani. Muka ruga ɗakin radiyo shi da kansa a gaba. Na kira, na kira, na sake kira, har muryata ta dushe, lutanan ya karɓa. Babu abin da ke dawowa sai shuuu ɗin nan na iska. Rana tana gab da faɗuwa wata murya da ban sani ba ta shigo, wani ƙaramin soja, yana haki, yana cewa motocin gaba sun ƙone, kaptan ya mutu, a kawo musu ɗauki.

Washegari da hantsi janar ya shigo ɗakin shi kaɗai, ya ce in kawo babban kaye. Ya sa yatsa a kan inda na rubuta ɗaya da minti goma. Ya ce iska ta ɓaci jiya da rana, saƙon bai kammala shigowa ba sai huɗu da minti goma, ko ba haka ba? Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Na yage shafin, na sake kwafe shi da kyakkyawan hannun nan nawa. Haka aka aika wa fada, fada kuma ba ta ja maganar ba. Sai bayan shekaru na gane dalili, ranar da na haɗu da mai bugowa daga babban birni a tashar Madawa, ya tsufa, yana jiran motar Ƙwanni. Muka gane juna ta hira. Ya ce labarin kwanton ya iso fada tun jajibirin ranar, amma aka tsaya gardamar wanda zai sa hannu, don kowa yana tsoron in labarin ƙarya ne janar zai ce farar hula sun hana shi aiki. Takarda ta kwana a kan tebur, ta yi hantsi a wani teburin. Kowa ya riƙe ta kaɗan. Ya faɗa mini haka don ya sanyaya mini rai, amma bai sanyaya ba. Su sun riƙe ta lokacin da akwai sauran lokaci, ni kuwa a hannuna lokacin ya ƙare. Bayan wata biyu da abin aka ƙara mini girma. An rufe Illa can cikin rairayi tare da sauran, ban ga gawarsa ba, agogonsa kawai aka ba ni.

Da na zo gida hutu, tun kafin in shiga gidanmu na wuce wajen Inna Ai. Takardar gwamnati ta riga ni isowa, maigari ya karanta mata, amma ta ce ba ta ji komi ba sai na zo. Na durƙusa na ba ta agogon. Na gaya mata rijiyar, na gaya mata kwazazzabon, na gaya mata maganarsa ta ƙarshe, cewa ya yi ƙiba, a ajiye masa wake. Ta yi dariya hawaye na zuba, ta ce, "Maƙaryaci. Wanga yaro ko rumbu yac ci ba shi ƙiba." Sannan ta dube ni ta ce, "Shi ke nan duka?" Na ce shi ke nan. Daga wannan shekara, duk kaka in an ɗebe wake sai ta aiko mini da ƙwarya guda, ta ce rabon Illa ne, ni zan ci masa. Ina karɓa, matata ta dafa, in zauna a gabansa in kasa ci. In na je godiya sai ta sa ni in maimaita mata maganar, yadda ya faɗe ta, da dariyar da ya yi. Kowace shekara in na gama sai ta yi tambayar nan, ni kuma in ba ta amsar nan. Na bar soja, na koma gona, na aurar da ƴaƴa, gemuna ya yi fari, aka fara ce mini Baba a masallaci. Sau nawa na tashi da niyya, in isa ƙofarta in tarar tana sallar walaha, ko tana da baƙi, ko ta yi farin ciki da haihuwar jika, in ce yau ba ranar ba ce. Tsoro ne kawai, na san shi, irin wanda ya sauke mini hannu a gaban shuɗiyar ƙofa.

Shekaru da yawa ban iya barcin rana ba. Ko na kwanta sai in ji fanka tana juyawa a kunnena. Amma tsufa ba ya tambayar mutum, a ƴan shekarun nan in na sha fura sai ido ya rufe. Na sha gaya wa mutanen gidana duk wanda ya zo da magana a tashe ni, ko wane lokaci ne. Sukan ce to, su yi murmushi, sai kuma in farka in ga an kai turmi bayan rumbu.

Bana da rani ciwo ya kwantar da Inna Ai. Idonta ya riga ya tafi, jikin ya zama kamar na yaro. Ranar Juma'a na je gaishe ta, na tarar ɗakin cike da mata. Ta gane muryata, ta laluba ta kama hannun rigata daidai inda ta kama ranar da muka tafi. Na sunkuya na ce mata gobe zan dawo mu yi magana mu biyu. Ta ce to. Na koma gida na shirya maganar tun daga farkonta, da jan layin, da bencin, da shafin da na yage. Na yanke zan je bayan la'asar, lokacin da masu dubiya suke raguwa. Ranar Asabar na ci abinci na ɗan kishingiɗa a ɗaki, salulata a kusa da kaina.

Kukan mata ne ya tashe ni, daga wajen ƙofa ta huɗu. Na fito ba hula. A ƙofar ɗakina, a kan tabarma, ga Tsahara zaune, ita ma yanzu tsohuwa ce mai jikoki, ga kwanon ruwa a gabanta ba ta taɓa ba. Ta ji kukan kamar yadda na ji, ta san na wane ne. Duk da haka sai da ta gyara zama ta ce, "Yaya, an tashi lahiya?"

Na ce mata tun yaushe take nan. Ta ce tun azahar. Inna ce ta aiko ta. Na ce ga waya a hannunta, tana da lambata. Ta ce, "Ba a kiran babba ga waya kan magana irin wagga." Na tambaye ta abin da Inna ta ce.

Ta share ido da gefen mayafi. "Tac ce ka taho yanzu-yanzu. Tac ce ka zo ka sauke abin da kaka ɗauke da shi tun shekarar da kad dawo, ta gaji da jin shi cikin muryarka. Tac ce ko mi na ne, tana son ta yahe maka da bakinta."

Na dafa bango. Matata tana tsaye a bakin madafa, ta kasa duban fuskata. Na ce, "Tsahara, don mi ba ki tashe ni ba?"

Ta ɗago kai ta dube ni da mamaki na gaskiya, irin na wanda aka yi wa tambayar da ba ta da kai. Ta ce, "Haba Yaya. Kana kwana."